Yadda ake shirya taron kiɗan kilasik na zamani a kan baje kolin hotuna

'Yan uwa masu sha'awar hoto da masu sha'awar kiɗa, akwai wani abu da gidajen baje koli a Turai da Amurka suka daɗe suna yi wanda nake ganin ya kamata mu san yadda ake haɗa shi tun daga tushe, wato a rataye hotunan wani mai ɗaukar hoto a bango, sai a nemo masu rubuta kiɗa a ce su zo su kalla su rubuta sabon kiɗa a kan abinda suka gani, daga nan a sa rana makaɗa su zo su kaɗa shi a gaban jama'a, sau da yawa ma a cikin ɗakin da hotunan suke. Kiɗan da nake nufi shine irin wanda ake rubutawa a takarda da alamomi kafin a kaɗa, na fiyano da bayolin da celo da sarewar Turawa, wanda ake ce wa kilasik, amma fa na zamani, wanda marubucinsa yana raye zaka iya kiransa a waya ka ce malam ina aikinmu ya kwana.

Kafin ka kashe ko sisi ya kamata ka san me kake nema da taron, domin duk shawarar da zaka yanke nan gaba daga nan zata fito. A shekarar 2001 wasu masu bincike biyu sun fitar da sakamakon aikin da suka yi a gidan tarihin Metropolitan na birnin New York, inda suka riƙa auna tsawon lokacin da mutane ke tsayawa gaban zane-zanen da duniya ke ji da su, sai suka ga a matsakaici bai kai daƙiƙa 30 ba. To ka duba, mai hoto ya yi wata da watanni yana bin abu, ya danna kyamara ta ɗauka cikin kashi ɗaya bisa 125 na daƙiƙa, ya wanke ya sa a firam, mai kallo ya zo ya ba shi rabin minti ya wuce. Shi kuwa kiɗa baya yiwuwa sai da lokaci, in an ce minti 7 ne to sai ka zauna minti 7 ɗin nan. Amfanin haɗa su kenan a wajena, kiɗan ya zaunar da mutum gaban hoto ɗaya har idonsa ya gama da fuskar da ke tsakiya ya fara zuwa gefe-gefe, ya ga takalmin da aka cire a bakin ƙofa, ya ga hannun wani da firam ya yanke. In taronka ya yi wannan to ya biya, in kuma ya zama ana ta wulga hotuna ana kiɗa a baya kamar talla a talabijin to wallahi an yi asarar hoton an yi asarar kiɗan.

Abin ba sabo bane. A 1873 wani mai zane kuma mai tsara gine-gine ɗan Rasha, Viktor Hartmann, ya rasu yana ɗan shekara 39, abokansa suka shirya baje kolin ayyukansa a San Pitasbag a farkon 1874, amininsa Modest Mussorgsky ya je ya gani ya dawo ya rubuta kiɗan fiyano a kan zane goma daga ciki. Waɗancan zanen hannu ne ba hoton kyamara ba, amma akwai dabara ɗaya da ya yi wadda har yau tana aiki, ya rubuta wani ɗan kiɗa na tafiya da yake dawowa tsakanin zane da zane, kuma duk dawowar da zai yi sai ya sake kama, domin mutumin da ya bar gaban zane ɗaya ba da zuciya ɗaya yake isa na gaba ba. Ka riƙe wannan, zamu buƙace shi in mun zo jera shirin.

Fara da mai hoton

Mutane da yawa da makaɗa suke farawa saboda su ne masu tsada, amma mai hoton ya kamata ka fara samu, in kuma ya rasu to iyalinsa ko wanda ke riƙe da haƙƙin ayyukansa, sannan mai kula da baje kolin. Hoto mallakar wanda ya ɗauka ne, izinin da gidan baje koli ya samu na ratayewa a bango bai haɗa da haska shi a majigi ba, bai haɗa da buga shi a takardar shiri ko saka bidiyon taron a YouTube ba, kowanne sai an nema daban kuma a rubuce. Wasu masu hoton basa yarda a yanke gefen hotonsu ko a zuƙo wani sashe a majigi, kuma suna da gaskiya, domin inda suka tsayar da gefen nan shine rabin aikin. Ka tambaya tun farko, kar sai an gama rubuta kiɗa.

Sannan ka zauna da shi ka bar shi ya yi magana. Tambaye shi me ake ji a wurin lokacin da ya ɗauki hoton, kasuwa ce ko shiru, akwai iska, akwai rediyo, mutumin da ke cikin hoton ya san ana ɗaukarsa ko bai sani ba, me ya faru bayan an danna. Ka nemi izini ka naɗi hirar a waya domin masu rubuta kiɗan su saurara, sau da yawa jimla ɗaya daga bakin mai hoto ta fi musu amfani a kan shafi biyar na bayani. In kuma gwaji kawai kake so ka yi da ɗalibai babu kuɗin izini, akwai hotunan da gwamnatin Amurka ta sa aka ɗauka na talakawan karkara a shekarun 1930 zuwa farkon 1940, irin su aikin Dorothea Lange da Walker Evans, suna nan dubbai a shafin intanet na ɗakin karatun majalisar dokokin Amurka kuma yawancinsu kowa na iya amfani da su.

Wane irin taro

Hanya mafi shahara ita ce ta babban zaure, makaɗa a kan dandamali, ƙaton allo a samansu ana haska hotuna. Haka aka yi a 2006 a bikin Cabrillo na garin Santa Kuruz a Kalifoniya, da hotunan halittu na Frans Lanting da kiɗan Philip Glass, Marin Alsop tana jagorantar makaɗa. Haka kuma Dave Brubeck da ɗansa Chris suka rubuta kiɗa a kan hotunan Ansel Adams, mai ɗaukar hoton tsaunuka da dazukan Amurka, aka fara kaɗawa a garin Stockton a 2009, hotuna 102 cikin kimanin minti 22. In ka raba zaka ga kowane hoto daƙiƙa 13 ya samu, ga mai son kallon tsaunuka da ƙarar babbar ƙungiyar makaɗa abin yana da daɗi ba musu, amma ni dai a ganina ya yi sauri, bai ma kai abinda mai wucewa a gidan tarihi ke bayarwa ba. Da baje kolin Sebastião Salgado na dajin Amazon ya buɗe a Faris a 2021 da hotuna sama da 200, abu biyu aka yi, a cikin ɗakin akwai sautin da Jean-Michel Jarre ya haɗa da na'ura yana tashi a sifika, a gefe guda kuma Simone Menezes 'yar Birazil ta riƙa jagorantar taron kiɗa da aikin Villa-Lobos, marubucin kiɗa ɗan Birazil, na kan dajin ana haska hotunan. Wannan hanya tana son kuɗi sosai, kuma hoton da aka haska a allo ya riga ya zama wani abu daban da wanda aka wanke a takarda.

Hanya ta biyu ita nake ba duk mai farawa shawara, makaɗa kaɗan a cikin ɗakin baje kolin, hotunan gaske suna bango, jama'a ko dai suna zaune a kujeru marasa nauyi da za'a iya juyawa ko kuma suna tashi suna bin makaɗa daga kusurwa zuwa kusurwa. Babu majigi, babu wahalar daidaita hoto da kiɗa, kuma mutum yana da 'yancin ya kai idonsa inda yake so.

Ta uku kuma ita ce wadda ta fi taɓa ni. Richard Misrach ya yi shekaru yana ɗaukar hoton iyakar Amurka da Mekziko, katangar da hamadar da ke kewaye, yana kuma tsinto kayan da masu tsallakawa suka yar ko suka ɓatar, jarkokin ruwa, takalma, tufafi, har da kwankon harsasai, yana kai wa Guillermo Galindo, wani marubucin kiɗa ɗan Mekziko, shi kuma ya ƙera kayan kiɗa da su. A 2016 aka baje aikin nasu a gidan zane na San Hose da sunan Border Cantos, hotuna a bango, kayan kiɗan a tsakar ɗaki, sautin kuma daga jikin kayan mutanen da babu su a hoton yake fita. Ba kowane baje koli ne zai ɗauki irin wannan ba, amma ka tambayi kanka ko akwai wani abu daga wurin da aka ɗauki hotunan da zai iya shigowa ɗakin ya yi sauti.

Masu rubuta kiɗan da abinda zaka gaya musu

Nan ne aikin yake, don haka bari in daɗe. Gara ka ɗauki mutum uku ko huɗu kowa ya rubuta minti 5 zuwa 8 da ka ɗora wa mutum ɗaya awa guda, kuɗin ya fi sauƙi, in ɗaya ya makara taron bai rushe ba, kuma jama'a zasu ji yadda kunnuwa daban-daban suka ga abu ɗaya. Ka haɗa gogagge da masu tasowa. Abinda ba zan sassauta ba shine dole su je su ga hotunan da idonsu a girmansu na gaske, ba a tura musu a WhatsApp ba, domin hoton da ya kai faɗin ƙofa da wanda bai fi tafin hannu ba duk girmansu ɗaya a waya, baƙin da ke cikin hoto mai kyau kuma hawa-hawa ne, waya tana haɗe shi ya zama baƙi ɗaya. In baje kolin bai buɗe ba tukuna a kai su wurin mai hoton ko inda ake ajiya. Ka bar su su zaɓi hoton da kansu, in biyu suka zaɓi hoto ɗaya kar ka raba su, wannan ma sai ya fi komai armashi a daren.

Takardar da zaka basu ta zama gajera, tsawon minti nawa, kayan kiɗa kaza, ranar miƙa aiki, girman ɗaki, ko an yarda da na'ura da sifika ko ba'a yarda ba. Kar ka rubuta musu abinda hoton yake nufi. Amma ka zauna da su baki da baki ku yi maganar ramukan da ake yawan faɗawa.

Ramin farko shine kwaikwayo, an ga ruwa a hoto sai fiyano ya yi ta zubo da sauti daga sama zuwa ƙasa, an ga tsuntsu sai sarewa ta yi kukan tsuntsu, an ga doki sai a yi sukuwa da ganga. Mai kallo ya riga ya ga ruwan, maimaita masa da kunne bai ƙara masa komai ba. Abinda hoto ba zai iya bayarwa ba shi ya kamata kiɗan ya nema, abinda ya faru kafin a danna da bayan an danna, abinda ke bayan mai kyamara, nauyin jiran da mutumin cikin hoton yake yi.

Rami na biyu ya fi haɗari, shine kiɗan tausayi a kan hoton mutanen da suka sha wahala. Ka ɗauki aikin Fati Abubakar ta Maiduguri, wadda ta fara Bits of Borno domin ta nuna mutanen Borno suna rayuwarsu, 'yan makaranta, 'yan kasuwa, masu kwalliyar sallah, a lokacin da duniya bata ganin komai daga can sai ɓaraguzai. In wani ya zo ya shimfiɗa wa irin waɗannan hotuna celo mai kuka a hankali to ya rushe abinda ta gina, ya maida mutanen abin tausayi bayan ita ta tsayar da su da mutuncinsu. Kiɗa yana da ƙarfin da zai gaya wa mutum abinda zai ji tun kafin idonsa ya yanke hukunci, shi yasa dole marubucin ya ji tsoron wannan ƙarfin. Abokin ango ne shi a wannan daren, in ya fi ango kwalliya an samu matsala.

Na uku shine lissafi tsagwaro. Akwai manhajojin da zasu karanta haske da duhun hoto su maida su sauti, wasu kuma suna ɗaukar tsarin Ansel Adams na raba haske hawa 11 daga baƙi ƙirin zuwa fari fat su ce kowane hawa ga ƙarfin sautinsa. A matsayin mafari ba laifi, yana fitar da mutum daga abinda ya saba, amma in aka tsaya a nan kunne baya jin alaƙar, sai an karanta a takarda kafin a san akwai ta. Shi Adams ɗin ma da farko makaɗin fiyano ya so zama, kuma ya sha kwatanta fim ɗin da aka ɗauka da rubutaccen kiɗa, wankin hoton kuma da kaɗa shi, wato shi kansa ya san lissafin somin-taɓi ne, hannu da ido ke ƙarasawa.

Abinda yafi yin aiki shine marubucin ya nemi ginin hoton, ba labarinsa kawai ba. Misali hotunan kitso da gyaran gashi na J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya fara a 1968 ya tara kusan dubu, yawanci daga baya ko daga gefe ya ɗauka, bango fili babu komai, abu ɗaya ne ake ta juya shi ta hanyoyi marasa iyaka. Marubucin kiɗa in ya ga wannan ya ga aikinsa a shimfiɗe, ɗan gajeren sauti ɗaya da za'a yi ta saƙawa ana warwarewa, layi uku suna hawa kan juna kamar yadda kitson kansa yake tafiya, ba sai ya nemo wani labari ya liƙa ba. Haka in hoto rabinsa sama ce fili, to kiɗan ma ya bar fili, in mutane sun cunkushe a gefe ɗaya to sautin ya cunkushe wani wuri ya saki wani wuri.

Makaɗa da ɗaki

Ka tsayar da makaɗa kafin a fara rubutu, domin marubuci yana rubuta wa kayan da ke akwai ne. Mutum huɗu masu tsirkiya, bayolin biyu da biyola da celo, sune mafi sauƙin shiga ɗakin baje koli, basa son wuta basa son sifika. Akwai kuma haɗin mutum biyar da masu kiɗan zamani suka saba da shi tun daga wani aikin marubucin kiɗa Schoenberg na 1912, sarewa da kilarinet da bayolin da celo da fiyano, yana ba da launuka da yawa amma fiyano kaya ne, sai an ɗauko shi da mota an shigar an bar shi ya kwana ya saba da iskar ɗakin sannan mai gyara ya zo ya daidaita shi, kuma wannan kuɗi ne da ake yawan mantawa a kasafi. In a Najeriya kake, masu karanta rubutaccen kiɗa suna nan a cibiyar kiɗa ta MUSON da ke Legas da sassan koyar da kiɗa na jami'o'i da coci-coci da ƙungiyoyin badujala na soja da 'yan sanda. In kuma hotunan namu ne na nan gida babu abinda ya hana a saka goge ko gurmi ko sarewa a cikin haɗin, Akin Euba, marubucin kiɗa ɗan Najeriya, ya daɗe da nuna cewa ana iya sa fiyano ya yi magana irin ta ganga, sai dai marubucin ya je ya zauna da makaɗin ya koyi abinda kayan ke iyawa, kar ya rubuta masa abin bayolin ya ce ya kaɗa, kuma a biya shi daidai da sauran.

Ɗakin baje koli an gina shi don ido ne, bango mai tauri, ƙasa siminti ko tayil, rufi can sama, sauti yana ta yawo baya mutuwa da wuri. Manyan zaurukan kiɗa na duniya amsa-kuwwarsu wajen daƙiƙa 2 take, ɗakin hotuna da babu kowa a ciki yana iya wuce haka nesa. Ka shiga ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi ka saurara, ka yi haka a wurare daban-daban, ka naɗa ka tura wa marubutan. In ɗakin mai amsawa ne sosai to kiɗa mai sauri da ƙananan sautuka da yawa zai dagule, dogayen sautuka da shiru a tsakani su zasu yi kyau. Jikin mutane da tufafinsu suna shanye sauti, don haka abinda kuka ji a gwaji zai ɗan bushe in ɗaki ya cika, kafet a ƙarƙashin makaɗa ma yana taimakawa.

Sai kuma lafiyar hotunan, wanda masu gidan zasu fi damuwa da shi fiye da kiɗanka, kuma kar ka ji haushi. Tsofaffin hotuna da masu launi haske yana cinye su, shi yasa ake riƙe hasken ɗakin ƙasa-ƙasa wajen lukus 50 a ma'aunin haske, ba zasu yarda ka kawo fitilun dandamali ba, sai ƙananan fitilu da ake maƙalawa a jikin abin ɗora takardar kiɗa. Numfashin mutane da yawa a rufaffen ɗaki yana ƙara zafi da laima, don haka su zasu gaya maka iyakar mutanen da zasu shiga, in sun ce 60 to 60 ne, gara ka kaɗa sau biyu a rana ɗaya. Ka bar tazara tsakanin kujeru da bango, ka lura da tsinin ƙarfen da ke ƙasan celo da sandar goge ta mai bayolin in yana kusa da firam, abinci da abin sha kuma a waje. Na'urar sanyaya ɗaki tana da ƙara amma sau da yawa ba'a yarda a kashe ta saboda hotunan, to a sanar da marubuta tun wuri kar wani ya rubuta abu mai laushin da iska zata haɗiye. A inda ake dogaro da janareta a kai shi nesa a ja waya, kuma in lokacin hunturu ne masu kayan katako su kula, bushewar iska tana tsaga bayolin tana sauke tsirkiya.

Lokaci da kuɗi

Ka ba marubuta aƙalla wata uku zuwa huɗu, makaɗa kuma su karɓi takardunsu wata ɗaya kafin ranar, domin sabon kiɗa babu inda zasu je su saurara su kwaikwaya. Matsalar ita ce baje koli da yawa wata biyu ko uku kawai suke yi a bango, kenan dole a fara aikin tun kafin a buɗe, taron kuma a sa shi wajen ƙarshe-ƙarshe amma ba ranar rufewa ba, saboda wanda ya ji kiɗan ya samu damar dawowa ya sake kallo shi kaɗai. Yarjejeniya a rubuce, rabin kuɗi a farko rabi in an miƙa aiki, kiɗan ya zama mallakar marubucinsa kai kuma kana da haƙƙin fara kaɗawa da naɗa. Don Allah kar a ce wa matashi ya yi kyauta wai za'a san shi, in kuɗin kaɗan ne a rage yawan mintuna da yawan makaɗa. Wanda bashi da kuɗin manhajar rubuta kiɗa akwai MuseScore kyauta ce kuma ta isa. Gwaji aƙalla uku, na farko makaɗa su kaɗai, na biyu da marubuta, na ƙarshe dole a cikin ɗakin da hotuna a bango, kuma a gayyaci mai hoton ya zauna ya ji, in akwai abinda ya soke shi gara a sani a ranar.

Jera shirin da daren kansa

Awa ɗaya ta isa, har da tafiya da magana. Ka buɗe ƙofa minti 30 kafin a fara domin mutane su zaga su ga hotunan da idonsu babu kiɗa, wannan yana da muhimmanci ƙwarai, in kiɗa ya riga ido isa to shikenan ya riga ya shafa wa hoton launinsa. A wajenmu kuma ka duba lokacin sallah, ko a gama kafin magariba ko a fara bayan isha'i, kar a yanke shiri a tsakiya.

Dabarar Mussorgsky ta tafiya tsakanin zane da zane a nan take shigowa. In jama'a zasu tashi daga hoto zuwa hoto, ko dai ka sa makaɗi ɗaya ya ja su da ɗan gajeren sauti yana tafe suna binsa, ko ka bar su su tafi shiru, amma ka yanke shawara da gangan, kar ka bari ya zama hayaniyar jan kujeru da gaishe-gaishe. In an isa gaban hoton a bar minti ɗaya cur babu sauti kafin a fara, da farko mutane zasu ɗan takura, wani zai yi tari wani zai taɓa waya, daga baya sai ka ga idanu sun koma bango. Ka roƙi a ajiye tafi sai ƙarshe. Tsofaffi da masu lalura a tanadar musu kujera a kowane zango.

Magana kuma a taƙaita. Marubuci ya faɗi hoton da ya zaɓa da abu ɗaya da ya fara kama idonsa, jimla biyu ko uku, kar ya tsaya bayanin yadda ya gina kiɗan, wanda ke son wannan ya same shi bayan an tashi. Kar ka saka aiki biyu masu nauyi a jere, kuma wanda ya fi kowa shiru kar ya zama na farko domin a lokacin ne masu makara ke shigowa. In ka zaɓi hanyar majigi, ka samu mutum ɗaya da ya iya karanta rubutaccen kiɗa ya zauna da takardar a gabansa yana canza hoto da hannu daidai inda aka yi alama, kar a haɗa bidiyo mai tafiya da kansa a tilasta wa makaɗa su bi shi, mutane ne, yau zasu ɗan ja gobe su ɗan yi sauri. Majigin ma fankarsa tana da ƙara, a nisanta shi daga makaɗa, kuma tsakanin hoto da hoto a bar allon ya yi baƙi na ɗan lokaci.

A naɗi sautin da makirfo mai kyau guda biyu a tsakiyar ɗaki, ba da waya daga layin baya ba. In mai hoton da marubutan sun yarda, sai a manna 'yar alamar da ake ɗauka da kyamarar waya a gefen kowane hoton da aka yi wa kiɗa, duk wanda ya zo a sauran kwanakin baje kolin ya sa abin kunne ya saurara a tsaye a wurin. Kuma tun kafin a tashi a daren ka nemi makaɗan su sa ranar da zasu sake kaɗa ayyukan a wani wuri ko da babu hotunan, domin sabon kiɗa da yawa sau ɗaya ake jinsa a ajiye takardar a durowa, marubucin kuma sai a kaɗawa ta biyu yake gane inda zai gyara.